Magungunan da Ake Kwantar da Mutum da Su a Ɗakin Tiyata

A farfajiyar kowane babban asibiti, in aka ce za a shiga da mutum ɗakin tiyata, dangi sun fi tsoron allurar fiye da wuƙar likita. Kowa yana da labarin wani da aka yi wa allurar barci bai tashi ba, ko wata da aka ce allura ce ta yi mata yawa. Tsoron nan yana da tushe. Magungunan sa barci na cikin mafiya haɗari da likita ke bai wa ɗan Adam da gangan. A iskokin da ake shaƙa wa majiyyaci, in aka ninka adadin da ke kwantar da shi sau biyu zuwa huɗu kawai, ya isa ya tsayar da zuciyarsa. Amma duk da haka, a ƙasashen da suka tsara harkar, masu ƙoshin lafiya da ke mutuwa saboda maganin kansa ba su wuce ɗaya cikin 100,000 ba. Kwalbar da ake buɗewa a Landan, irinta ake buɗewa a Gusau ko Maraɗi. Saboda haka ni a ganina, duk mai son ya fahimci haɗarin, to ya fara da sanin abin da kowane magani ke ƙwace wa jiki, sannan ya tambaya: wa aka ajiye a kan majiyyaci ya riƙa mayar masa da abin da aka ƙwace?

Halin da magungunan ke jefa mutum ya fi barci nisa sosai. Mai barci, kome nauyin barcinsa, in aka tsaga masa ciki zai zabura. Na'urar da ke auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ta nuna cewa wanda aka kwantar ya fi kama da mai doguwar suma, sai dai wannan sumar likita ne ya jawo ta, kuma yana iya janye ta. Abin da likitan tiyata ke bukata shi ne majiyyaci ya fita hayyacinsa, kada ya tuna kome, kada jikinsa ya ji zafi, kada kuma ya motsa. Babu magani ɗaya da ke cika waɗannan duka cikin aminci, shi ya sa ake haɗa uku ko huɗu, a ɗebi kaɗan daga kowane.

Kafin a kai ga haka, ƙarti ake samu su danne mutum, likita kuma ya yi sauri. An gwada giya, an gwada ofiyam, an gwada ganyaye. A 1804 wani likitan Japan, Hanaoka Seishu, ya cire wa wata mata ciwon dajin nono bayan ya shayar da ita wani haɗi da babban sinadarinsa shi ne zaƙami, tsiron nan da muke kira haukata-yaro. Ya yi nasara, amma abin da aka sha ba a iya janye shi, in ya yi yawa shi ke nan. Ranar da duniya ta ɗauka a matsayin mafari ita ce 16 ga Oktoba, 1846, a babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, inda likitan haƙori William Morton ya shaƙa wa wani saurayi tururin sinadarin eta, likitan tiyata John Collins Warren ya yanke masa ƙari a wuya ba tare da ihu ba. Shekara ta kewayo James Young Simpson ya fito da kulorofom a Edinbura, kuma a 1853 John Snow ya shaƙa wa Sarauniya Biktoriya shi a wajen haihuwa. Sai dai tun a Janairun 1848 kulorofom ya riga ya kashe Hannah Greener, yarinya 'yar shekara 15 da aka kwantar don a cire mata farcen ƙafa. Tun daga farko, sauƙin da haɗarin tare suka zo.

Bari mu tsaya a gefen gadon mu ga abin da ke faruwa yau. An sa wa majiyyaci kanula a bayan hannu, ruwa na ɗiga. An maƙala masa 'yar na'ura a yatsa tana ƙara daidai da bugun zuciyarsa. An ɗora masa takunkumin roba a hanci da baki, an ce ya ja numfashi mai zurfi na mintuna kamar uku, don huhunsa ya cika da oksijin zalla. Sai mai sa barci ya ɗauko sirinji cike da wani farin ruwa mai kalar madara. Wannan shi ne furofofol. Ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ake kaɗa shi da man waken suya da wani sinadari na gwaiduwar ƙwai, daga nan farin ya samo asali. Ana ba da kimanin miligiram 2 a kan kowane kilo na nauyin jiki, wato mai kilo 70 zai sami mililita 14 ko kusa da haka. Majiyyaci yakan ce hannunsa na raɗaɗi. Kafin daƙiƙa 30 zuwa 40 maganarsa ta sarƙe, idanunsa sun rufe, an shafa gashin idonsa bai ƙifta ba. A daidai nan harshe yakan koma baya ya toshe maƙogwaro, numfashi yakan ɗauke gaba ɗaya na ɗan lokaci, jijiyoyin jini su saki, awon jini ya faɗi. Duk wannan ba kuskure ba ne, haka maganin yake, kuma an san zai yi. Mai sa barci zai ɗaga haɓar majiyyaci, ya matsa jakar roba ya hura masa iska da hannu, idonsa a kan ƙirji yana ganin tashinsa da saukarsa. Daga wannan minti har zuwa farfaɗowa, numfashin mutumin nan amana ce a hannun wani.

Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne, in ba a ƙara masa ba, cikin minti biyar zuwa goma zai buɗe ido, alhali kusan duk maganin na nan cikin jikinsa, hanta ba ta gama da shi ba. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa na samun kaso mai tsoka na jinin da zuciya ke turawa, don haka ita maganin ke fara cikawa. Daga baya sai ya tsiyaye ya koma tsoka, sannan kitse. Kamar mai lambu ne ya saki ruwa: fangalin da ke bakin magudana shi ke fara cika, can sai ruwan ya bazu cikin sauran, na farkon ya ja baya. To amma in aka yi ta saki na tsawon sa'o'i, sauran fangalolin ma sun ƙoshi, ba inda ruwan zai tafi, farkawa sai ta yi jinkiri. Tiyofental, wanda aka fara amfani da shi a 1934 kuma har yanzu ana samunsa a asibitocinmu, ya fi muni a nan, domin yana taruwa a jiki ya bar mutum da magagi. Furofofol ya ture shi ne saboda mai farkawa daga gare shi yakan tashi garau, kuma ba kasafai yake amai ba. Wani likitan dabbobi ɗan Sikotilan, John Glen, ya gano shi a kamfanin ICI, aka sa shi kasuwa a 1986. Duniya ta ƙara sanin sunansa a 2009, lokacin da aka riƙa ɗura wa mawaƙi Michael Jackson shi a ɗakin kwanansa don ya sami barci, ba cikakkun na'urorin sa ido, likitan kuma ya fita ya bar shi. Maganin ya yi abin da ya saba yi, ya ɗauke numfashi, ba a sami mai hurawa ba.

Yaya sinadari ke kashe fitilar hankali? Wajen 1899 zuwa 1901, Hans Meyer da Ernest Overton, kowa a nasa ɓangaren, sun lura cewa gwargwadon yadda magani ke narkewa a man zaitun, gwargwadon ƙarfinsa wajen sumar da dabba. Ganin cewa fatar ƙwayoyin jijiya maiƙo ce, sai aka shafe shekaru fiye da 80 ana ɗauka cewa maganin na narkewa ne a cikin maiƙon ya dagula shi. A 1984 Nick Franks da Bill Lieb a Landan suka ɗauko furotin ɗin da ke sa ƙwaron maƙesu haske da dare, wanda ba maiƙo a tare da shi ko kaɗan, suka nuna magungunan na dusashe haskensa daidai da ƙarfinsu a jikin mutum. Daga nan hankali ya koma kan furotin. Yau an san cewa furofofol da tiyofental da yawancin iskoki na aiki ne a wata ƙofa ta jikin ƙwayar jijiya da ake kira GABA-A, wadda aikinta a kullum shi ne taka wa saƙonnin ƙwaƙwalwa burki. Maganin na sa ƙofar ta daɗe a buɗe, burkin ya yi yawa, sassan ƙwaƙwalwa su daina jin junansu. Rashin motsi kuwa, akasarinsa daga lakar ƙashin baya yake fitowa. Ketamin, wanda za mu zo kansa, da iskar dariya wata hanya suka bi, suna toshe ƙofar NMDA mai zuga jijiyoyi.

Bayan allura ta kwantar da mutum, iska ce ke riƙe shi a ƙasa. Ruwa ne a kwalba, ana zuba shi a wata na'ura ta mai da shi tururi, ta auna, ta haɗa shi da oksijin. Kyawun wannan hanya shi ne huhun da ya shigar da maganin shi ne zai fitar da shi, da an rufe sai ya fara fita. A 1965 Edmond Eger da abokan aikinsa suka kafa ma'aunin da ake kira MAC, wato yawan tururin da ke hana rabin mutane motsi in aka yanki fatarsu. Na halotan kashi 0.75 ne cikin ɗari, na isofuloren wajen 1.2, na sebofuloren wajen 2, na desfuloren wajen 6. Na iskar dariya ya haura 100, ma'ana ita kaɗai ba za ta taɓa kwantar da mutum ba sai an hana shi oksijin. Kuma ma'aunin na sauka da kimanin kashi 6 cikin ɗari a kowace shekara goma ta rayuwa, shi ya sa abin da zai riƙe saurayi zai iya durƙusar da zuciyar tsoho. Akwai kuma wani abu da ke zuwa a baibai: iskar da ta fi narkewa a jini ita ta fi jinkirin aiki, domin jinin na shanye ta kafin ta taru ta kai ƙwaƙwalwa. Eta na narkewa ƙwarai, shi ya sa mutum kan daɗe yana kokawa kafin ya kwanta, ya daɗe kafin ya tashi, ga amai, ga shi yana kama wuta. Sebofuloren ba ya narkewa sosai, ba ya kuma shaƙe maƙogwaro, don haka da shi ake kwantar da yaran da ke gudun allura.

Halotan ya cancanci a tsaya a kansa, saboda shi ne ya riƙe asibitocin Afirka shekaru masu yawa. Charles Suckling ya haɗa shi a Ingila a 1951, aka fara shaƙa wa mutane a 1956. Ba ya kama wuta, yana da arha, ƙanshinsa ba ya tayar da hankali. Amma yana raunana bugun zuciya, yana sa ta rikice in ta haɗu da adiranalin, kuma hanta na sarrafa kusan kashi 20 cikin ɗari na abin da ya shiga jiki, alhali na isofuloren bai kai kashi ɗaya ba. A wasu tsirarun mutane, musamman waɗanda aka maimaita musu shi kusa-kusa, garkuwar jiki kan juya ta far wa hantar. Ƙasashe masu arziki sun daɗe da barinsa. Su yanzu muhawararsu a kan desfuloren ce, wanda ke ɗumama duniya fiye da iskar kabon sau 2,500, har Sikotilan ta daina sayensa a 2023.

Maganin da nake ganin ya fi kowane ban tsoro kuwa ko barci ba ya sawa. 'Yan asalin dazuzzukan Amazon sun daɗe suna shafa wa kibiyoyinsu dafin kurare, wanda ke yanke saƙo tsakanin jijiya da tsoka. A Janairun 1942, Harold Griffith da Enid Johnson suka yi wa wani majiyyaci allurarsa a Montreal ta Kanada. Wannan ya sauya tiyata: ciki ya saki, likita ya sami sarari, ba sai an nutsar da mutum cikin iska mai yawa ba. Sai dai tsokar numfashi ma tsoka ce. A 1954 Henry Beecher da Donald Todd suka bi diddigin tiyata kusan 600,000 a asibitoci goma na Amurka, suka tarar masu mutuwa a cikin waɗanda aka ba kurare sun ninka na sauran kusan sau shida. Laifin ba na maganin kaɗai ba ne, a lokacin ba a saba zura tiyo a maƙogwaro a hura wa mutum numfashi yadda ya kamata ba. Jikokin kurare, irin su rokuroniyam da atirakuriyam, da kuma suksametoniyam mai aiki cikin minti ɗaya ya sake cikin 'yan mintuna, su ake amfani da su yau, a ƙarshen aiki a warware rokuroniyam da atirakuriyam da niyostigmin, shi kuwa suksametoniyam da kansa yake saki. Haɗarinsu na biyu shi ne mutum ya farka ana tsakiyar aiki, yana ji, ba halin ko ɗaga yatsa. Wani babban bincike a Birtaniya da Ailan a 2014 ya sami rahoton haka a kusan ɗaya cikin 19,000, amma a matan da aka kwantar gaba ɗaya don cire jariri ya kai ɗaya cikin 670, saboda ana rage musu magani don gudun ya taɓa jaririn. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fi son allurar baya a irin wannan haihuwa, wadda ke kashe ƙasan jiki uwa kuma tana ido biyu, tana numfashi da kanta.

Zafi kuwa da dangin ofiyam ake kashe shi: mofin, fetidin, da fentanil da Paul Janssen ya haɗa a 1960, mai ƙarfin mofin kusan sau 100. Su ma numfashi suke ragewa. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Saurayin da ya saba da tiramol ko kodin, jikinsa ya riga ya taurare, adadin da aka saba bayarwa ba zai riƙe masa zafi ba. In ya ɓoye don kunya, kansa ya cuta.

Sai ketamin, wanda in da za a tambaye ni maganin da ya fi ceton rai a karkarar Afirka, shi zan ambata. Calvin Stevens ya haɗa shi a Amurka a 1962, aka gwada shi a jikin mutane a 1964, aka amince da shi a 1970. Halinsa ya saɓa wa na sauran. Majiyyaci yakan ci gaba da numfashi da kansa, awon jininsa na tashi maimakon ya faɗi, zafi na gushewa, kuma ana iya yin allurarsa a cinya in an rasa jijiya. Ka kalli wanda aka yi wa: idanunsa a buɗe suna rawa gefe da gefe, yawu na taruwa a bakinsa, wani lokaci hannu na motsi, amma ba ya nan. Macen da ta zubar da jini bayan haihuwa, aka kawo ta cikin dare asibitin da ba wutar lantarki, ba tukunyar oksijin, furofofol zai iya ƙarasa ta, ketamin kuwa zai riƙe ta a yi aikin. Yana da nasa aibi. Mai farkawa yakan yi gane-gane da sambatu masu firgitarwa, shi ya sa ake haɗa masa dayazifam, a kuma ba da atirofin don rage yawu. Bai dace da mai hawan jini mai tsanani ba. In an tura shi da sauri, shi ma yana iya tsayar da numfashi, kuma sunan da ya yi na aminci ya sa wasu ke ba da shi ba tare da kowa na kallon majiyyaci ba, abin da ba ni da wata kalma da zan kira shi da ita sai ganganci. A 2015 ƙasar Sin, saboda masu shaye-shaye da shi a can, ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin ƙwayoyin da ake tsaurara wa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a yi, aka jingine maganar. Da an yi, da ƙananan asibitocinmu sun sha irin wahalar da suke sha wajen samun mofin.

A 2018 mujallar Lancet ta buga binciken da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, a kan majiyyata 11,422. Sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma mutuwarsu bayan tiyatar da aka shirya ta ninka ta duniya sau biyu, kuma mafi yawansu a kwanakin bayan aiki suka rasu, a ɗakin jinya, inda ba mai lura da cewa numfashi na raguwa ko jini na zuba. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce a ƙalla a sami likita biyar ga kowane mutum 100,000. Najeriya ba ta kai ɗaya ba, ma'aikatan jinya da aka horar su ke ɗauke da mafi yawan nauyin, sau da yawa su kaɗai. Yana ci mini tuwo a ƙwarya in ga an gina ɗakin tiyata an yi bikin buɗewa, alhali babu na'urar yatsa mai auna oksijin, wadda Takuo Aoyagi na Japan ya gano dabararta tun farkon shekarun 1970, kuma kuɗinta bai kai na wayar hannu mai tsada ba.

Akwai kason da ke hannun majiyyaci da danginsa. A 1960 a Melbourne ta Ostareliya, wani saurayi da ya karye a ƙafa ya ce yana tsoron a kwantar da shi, domin danginsa goma sun mutu a haka. Likita Michael Denborough ya bi salsalar gidan, aka gano wata cuta ta gado da iskokin nan da suksametoniyam ke tayarwa: tsoka ta sandare, zafin jiki ya yi ta hawa. A da tana kashe bakwai cikin goma, da aka sami maganin dantirolin ta koma ƙasa da ɗaya cikin goma, sai dai asibitocinmu kaɗan ne ke ajiye shi. Don haka in wani naka ya taɓa rasuwa ko ya sha wuya a wajen sa barci, ka faɗa tun kafin a tambaye ka. Mai sikila ma ya faɗa, domin ƙarancin oksijin da sanyin ɗakin tiyata da ƙishirwa na tayar masa da ciwo. Mai shan jiƙe-jiƙe ya kawo sunan abin da yake sha.

Haka maganar hana cin abinci. Wanda aka kwantar ba ya iya tari, in abin da ke cikinsa ya taso, huhu zai faɗa, ruwan ciki mai tsami ya ƙone shi. Curtis Mendelson ya bayyana wannan a 1946 a jikin mata masu haihuwa a birnin New York. Uwa takan ji tausayin yaronta da ke kukan yunwa ta ba shi koko a ɓoye, kuma in an tambaye ta ta ce bai ci kome ba. Gara ta faɗa a ɗaga aikin zuwa yamma. Ƙa'idar ita ce sa'a shida ba abinci, nonon uwa sa'a huɗu, ruwa zalla kuma ana iya sha har zuwa sa'a biyu kafin a shiga, in likita bai hana ba. Koko da kunu da fura da shayi mai madara duk a lissafin abinci suke.